Gilashin Canon 24mm ɗan siriri: abokin tafiya, amma ba na kowane aiki ba

Duk mai riƙe da kyamarar Canon irin 600D, 700D ko 1300D, waɗanda suka cika hannun masu hoton biki a Kano, ya sha jin an ce masa ya sayi gilashin 50mm. Ni shawarata daban take. In yawo kake da kyamara, ba zaman situdiyo ba, fara duba EF-S 24mm f/2.8 STM tukuna. A kan 700D nake amfani da shi, kuma na hannu na saya wajen wani mai kayan hoto a Sabon Gari.

Abin da ya fara jan hankalina shi ne ƙanƙantarsa. Kaurinsa bai kai santimita 2 da rabi ba, nauyinsa giram 125, ka ce waina guda aka manna a gaban kyamara. Canon ta fito da shi a 2014 a kan kusan dala 150, kuma duk da arharsa, bakin da ke shiga jikin kyamara na ƙarfe ne, ba roba ba. Da shi a jiki, kyamarar tana shiga ƙaramar jakar rataye tare da caja da gorar ruwa. A motar haya ta Katsina, inda ake cusa mutum huɗu a kujerar baya, a cinya nake ɗora ta, ba ta tokare kowa.

Amma babban amfanin ƙanƙantar nan a cikin mutane yake. Ka shiga Kurmi da dogon gilashi, nan da nan za a fara kallonka, wani ya ce ɗan jarida ne, wani ya juya baya, yara su yi maka dandazo. Da wannan kuwa, sai ka yi sallama, ka gaisa da mai rumfa, ka nemi izini, ka ɗauki abinka kuna hira. Wani dattijo mai sayar da linzami da sirdi ma tambayata ya yi ko kyamarar ta lalace ne, ina hancinta ya tafi.

Batun kusanci shi ne ya sa na ƙi rabuwa da shi. Yana kama abu daga nisan santimita 16, amma a lura, daga cikin kyamara ake auna wannan, ba daga bakin gilashi ba. A aikace kusan santimita 9 ne tsakaninka da abin, har katin ATM ya kusa cika hoton. Na ɗauki hannun amarya da lalle a haka: zanen ya fito ɗaya bayan ɗaya, har inda baƙin ya ɗan tsattsage a gaɓar yatsa, ga kuma leshin da ke cinyarta da ƙawayenta a baya sun yi dishi-dishi amma ana gane su. Haka hular zanna a hannun mai wanki da guga, kana ganin kowane zare, kana kuma ganin gungumen da aka kifa sauran hulunan a kai. Wannan ne bambancinsa da 50mm, wanda ba ya yarda ka matso ƙasa da santimita 35, kuma yakan shafe bayan gaba ɗaya har ba a san inda aka ɗauki hoton ba.

Sai dai kar a ruɗe ka da cewa gilashin ɗaukar ƙananan abubuwa ne na gaske. Girman da yake bayarwa, wato yadda abu ke fitowa a cikin kyamara in aka kwatanta da ainihin girmansa, 0.27 ne, alhali gilashin 18-55mm ɗin da ke zuwa a kwali ɗaya da 700D yana kai 0.36 in ka ja shi zuwa 55. Wato in idon ƙuda ko dutsen zobe kake nema, na cikin kwali ma ya fi shi. Kuma in ka matsa sosai, inuwarka da ta kyamara kan faɗa kan abin, dole ka juya ta inda haske ke zuwa daga gefe. Ni bakin ƙofa ko kusa da taga nake kai mutum.

Faɗinsa ma a yi masa adalci. An rubuta 24, amma a waɗannan kyamarori ana ninkawa da 1.6, sai ya koma kamar 38 a manyan kyamarori irin 5D, wato faɗin ya ragu. Ya isa ɗaukar mutum biyar ko shida a falo, ya isa layin marina a Ƙofar Mata da masu rini a bakin ramukansu. Bai isa hasumiyar Gobarau ba sai ka ja da baya sosai ka kuma tsayar da kyamarar a tsaye. Mai son ɗakin amarya ya shiga hoto ɗaya, daga gado har kabet, 10-18mm zai nema. Ba ya jawo na nesa, don haka ranar hawan Sallah, in ba a gaban dawakai kake ba, bar shi a aljihu. Ƙafarka ce za ta yi aikin matsowa da ja da baya.

Ta fuskar haske, f/2.8, wato iyakar buɗewar ƙofar gilashin, yana shigar da kusan ninki biyu na abin da 18-55mm ke shigarwa a wannan faɗin, kuma tsakiyar hoto tas yake fitowa tun daga nan. Kusurwoyi kan ɗan yi duhu, amma da ka rage zuwa f/4 ko f/5.6 sai su washe. Ba shi da abin hana rawar hannu, saboda haka bayan magariba ba na barin saurin ɗauka ya sauka ƙasa da 1/60 na daƙiƙa, gara in ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara. Masu bidiyo su sani injin fokas ɗinsa yana tafiya a hankali ba fizga, amma a ɗaki shiru makirfon kyamara na iya kama ɗan ƙararsa.

Da hunturu kuwa, tunda ba na yawan cire shi in sa wani, ƙura ba ta samun hanyar shiga cikin kyamarar kamar da. Na dai sa masa filta mai milimita 52 a gaba, ita nake gogewa.

In za ka sayi na hannu, je da kyamararka. Haska fitilar waya ta baya ka duba ko akwai farin zare-zare a ciki, alamar danshi ya kama shi. Gwada fokas a kusa da nesa. Kar ka tsorata in zoben gaba bai yi komai ba alhali kyamara na kashe, haka aka ƙera shi, da lantarki yake aiki. Kuma ba ya shiga 5D ko 6D. Masu R50 da R10 kuwa sai sun haɗa da adafta.