Andhadhun: makahon ƙarya da ya ga gawa

Duk wanda ya saba da finafinan Indiya na soyayya da rawa cikin furanni, kada ya zauna gaban Andhadhun da wannan tsammanin. Sriram Raghavan ne ya ba da umarninsa, ya fito a 2018, kuma labarin yana gudana a birnin Pune. Na kalle shi da fassarar rubutu a ƙasan allo, kuma cikin finafinan barkwanci da ke tafe da kisan kai, ban ga wanda ya riƙe ni kamarsa ba.

Ayushmann Khurrana ya fito a matsayin Akash, makaɗin fiyano da ke nuna wa duniya shi makaho ne alhali idonsa garau, wai don hankalinsa ya tattaru kan kiɗa. Yana kaɗawa a gidan abincin mahaifin budurwarsa Sophie, har wani tsohon jarumin fim, Pramod Sinha, ya gayyace shi gida ya yi wa matarsa Simi kiɗan bazata ranar tunawa da aurensu.

Wannan fitowar kaɗai ta isa a kalli fim ɗin dominta. Akash ya zauna ya fara kiɗa, sai ga ƙafafun maigidan miƙe a ƙasa, ga jini. Ya nemi a nuna masa banɗaki, ya tarar da kwarton Simi laɓe a ciki riƙe da bindiga. Dole ya yi kamar bai ga kowa ba, ya dawo ya ci gaba da danna fiyano, su kuma suna ta kokawar cusa gawar cikin akwati a gefensa. Kusan babu magana, sai sautin kiɗa mai daɗi. Dariya ta kama ni, gabana kuma yana faɗuwa, don ƙiftawar ido ɗaya za ta iya janyo masa ajali. Da ya tafi ofishin 'yan sanda zai kai ƙara, ashe kwarton nan, Manohar, shi ne sufeton wurin.

Tabu ce ta ɗauke fim ɗin a kanta. Simin da ta fito a ciki ba ta ihu, ba ta zare ido. Mace ce mai fara'a da iya tarbar baƙo, wadda kowace ƙarya ta yi sai ta haifo mata wata ɓarnar da ta fi ta farko, har ta kai ga jefo tsohuwar maƙwabciyarta daga bene saboda ta ga shigar Manohar gidan a ranar kisan. Ku lura da inda ta je gidan Akash ta rufe fuskarta da abin tsoratarwa don ta gane ko yana gani. Abin da ya fi burge ni shi ne ba a jibga cin amanar kan mace ita kaɗai ba. Sufeton yana ha'intar matarsa, Akash yana yaudarar Sophie da ta so shi tsakani da Allah, kowa da tasa rigar ƙaryar. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a nan duk sun faɗa.

Inda ya ɗan sage min gwiwa shi ne kashi na biyu, da aka shigo da likita mai safarar ƙodar mutane da abokan cin mushensa. Labarin ya yi rassa da yawa, aka kuma ajiye Sophie gefe, alhali ita ce wadda aka cuta ba da hakkinta ba. Na so a ba Radhika Apte, wadda ta fito a matsayin Sophie, fili fiye da haka.

Ayushmann ya samu kyautar gwarzon jarumi ta ƙasar Indiya da wannan rawar, kuma ya cancanta. Ƙarshen fim ɗin ba zan tona shi ba, amma ku tuna daga bakin Akash muke jin yadda aka ƙare, mutumin da tun farko muka san maƙaryaci ne. Ba fim ne na kallo tare da yara ba, kuma a ajiye waya kafin a kunna shi, domin muhimman abubuwan da ido ake kama su.