Wane lens ya dace da mai hoto a Sakkwato, kuma yaya ake gane mai lahani

Yawancin masu hoton da na sani a garin nan da 18-55mm suka fara, wato lens ɗin (gilashin da ake ɗaurawa a gaban kyamara) da ke zuwa tare da ita. Da rana a fili ba shi da laifi. Amma ka shiga da shi ɗakin amarya a unguwar Mabera bayan magariba, an ɗauke wuta, sai fitilar caji ɗaya, a nan za ka ga iyakarsa. Idan ka zuƙo shi zuwa 55, ƙofar haskensa ba ta buɗewa fiye da f/5.6 (lambar f ce ma'aunin buɗewar ƙofar, ƙaramar lamba ta fi shan haske), sai hoto ya fito da duhu ko da rawa.

Mafi sauƙin kuɗi a magance wannan shi ne 50mm f/1.8, don hasken da yake sha ya kusa ninka na f/5.6 sau goma. Na Canon mai STM (wani nau'in injin saita gani), wanda ya fito a 2015, gindinsa na ƙarfe ne, ya fi tsohon mai roba ƙarko. Sai dai a ƙananan kyamarori irin 600D ko 700D, 50 ɗin nan kamar 80 yake gani. Fuskar amarya za ta fito tas, amma idan ƙawaye takwas suka jeru, za ka ja da baya har ka jingina da bango ba su shiga duka ba. Mai Nikon ya fi dacewa da 35mm f/1.8G a irin wannan ɗaki. Kuma ya kula: jerin D3000 da D5000 ba su da injin saita gani a jikinsu, don haka 50mm f/1.8D mai arha zai ɗauru amma da hannu za ka riƙa murza shi. Mai harafin G ake nema. Na kamfanin Yongnuo na Sin ya fi duka arha, yana da ƙara da jinkiri, na koyo ne.

Ni dai da za a ce lens ɗaya tak zan riƙe don biki da suna, 17-50mm f/2.8 na Sigma ko Tamron zan ɗauka. Bai kai 50 shan haske ba, amma yana ɗaukar ɗaki gaba ɗaya, yana ɗaukar fuska, kuma ba sai ka cire shi ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a Sakkwato. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, duk lokacin da ka buɗe bakin kyamara a waje, ƙurar hunturu ka ba hanya.

Mai ɗaukar hawan sallah a fadar Sarkin Musulmi ko kamun kifin Argungu yana buƙatar mai jawo nesa. Tsakanin 75-300 da 55-250 STM na Canon, na biyun ya fi, don yana da abin hana rawar hannu, wancan da ya cika kasuwa ba shi da shi.

Galibin abin da muke saye na hannu ne, daga Kano ko Legas. Na taɓa tura wa wani kuɗi bisa hotunan da ya aiko ta WhatsApp, aka sa mini lens a mota. A tasha na ɗaura shi na ɗauki hoto biyu, lafiya lau. Sai ranar wani ɗaurin aure, ina zuƙo shi, kyamara ta tsaya cak. Na kai wa maigidana da ya koya mini aiki, ya juya shi ya nuna mini kawunan nocinan gindinsa duk sun ci sukudireba. Ya ce, "An taɓa buɗe shi. Ba ka duba nan ba kahin ka biya?" Siririyar wayar da ke ciki ce ta tsage. Mai sayarwa ya dage cewa lafiya ya turo shi, kuɗin gyara a Kano ni na biya.

Tun daga nan ba na biya sai na gwada a kan kyamarata. Ina buɗe murfi biyun in haska fitilar waya ta ciki. 'Yar ƙura ba ta ɓata hoto. Abin gudu shi ne farin zare kamar saƙar gizo-gizo, wato fumfunar da laima ke haifarwa, ana yawan ganinta a kayan da suka daɗe a kudu, da kuma hazo-hazo a cikin gilashi. Sannan in ɗauki hoto a kowane zango na zuƙowa, da ƙofa a buɗe da kuma a f/16. A Canon, idan rubutun Err 01 ya fito a allon kyamara, lens da kyamara ne ba sa jin juna. Ka goge ƙananan ƙarafan nan masu ruwan zinariya da busasshen ƙyalle mai tsabta, in ya sake fitowa ka ajiye musu kayansu. Na ƙarshe, in manna jarida a bango in ɗauka, in duba ko gefe ɗaya ya fi ɗaya dushewa, alamar ya taɓa faɗuwa.

Idan dole sai an turo, ku yi yarjejeniyar kwana biyu ko uku na gwaji a rubuce, ka riƙe wani ɓangare na kuɗin. Bayan ya shigo hannunka kada ka bar shi cikin but ɗin mota a watan Afrilu, zafi yana narkar da man ciki ya zubo kan ganyayen ƙofar haske. Kuma ka hure gilashi da 'yar robar iska kafin ka goge, don yashin da ke bakin riga karce shi yake yi.