Katunan hotunan Madam Yevonde sun ci kuɗinsu

Duk mai sana'ar hoton biki ko kwalliyar amare, ina ba shi shawara ya nemi waɗannan katunan. Kwafin hotunan da Madam Yevonde ta ɗauki matan manyan Landan ne a 1935, na yi odarsu daga wani shagon intanet, kuma tun isowarsu suna kan teburin aikina.

Yevonde 'yar Ingila ce, an haife ta a 1893. Ta koyi sana'a a hannun wata mai hoto, Lallie Charles, ta buɗe nata shagon a 1914 tana da shekara 21. A wancan zamani hoton 'yan gayu baƙi da fari ne, a tausasa hasken har fuska ta yi hazo-hazo, kuma manyan masu sana'ar raina hoto mai kala suke yi. Ita kuwa ta rungumi dabarar da ake kira Vivex, wadda ake ɗaukar hoto a faranti uku, kowanne da launinsa, sannan a ɗora su bisa juna da hannu. Aiki ne mai cin rai, amma abin da ya haifar na gan shi da idona a takarda. Jan leɓe ja ne jawur, kore kuma shar, ba irin launin da waya ke kwaɓewa ba.

Asalin hotunan wata liyafa ce da aka yi a otal ɗin Claridge's na Landan, inda baƙi suka zo da shigar taurarin tatsuniyoyin Girkawa da Romawa. Daga baya ta riƙa gayyato matan zuwa shagonta tana shirya su da kanta. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na matar Michael Balcon a shigar Minerva, gwanar hikima da yaƙi a tatsuniyar Romawa: hular ƙarfe ta soja a ka, bindiga a hannu, ga mujiya a gefe, inuwa ta cinye rabin fuskar. Babu murmushi ko kaɗan, amma kwarjinin ya cika katin. Sai na matar Edward Mayer a shigar Medusa, mai gashin macizai a tatsuniyar Girkawa, macizan roba sun nannaɗe mata kai, idanunta ƙur a kan mai kallo. Kayan wasa ne masu araha fa, haske da tsayuwa ne suka ɗaga su. A nan na fi ƙaruwa, don mu sau da yawa tsadar leshi muke bari ta yi mana aikin, mu manta da inda fitila take.

Takardar mai kauri ce, ba ta ƙyalli, kuma kwalin ya iso ba lanƙwasa. Inda shagon ya gaza, bayan katin sunan mai hoton da shekara kawai aka rubuta, ba a faɗi wace ce matar ba balle shigar da ta yi, ga shi wasu an ɗan yanke gefensu don su dace da girman kati. Hakan ya sosa mini rai, domin mai hoton ba ta ajiye komai a banza ba.

Masana'antar Vivex ta rufe a 1939 da ɓarkewar Yaƙin Duniya na Biyu, saboda haka 'yan shekaru kaɗan ta samu tana wannan aikin. A 2021 gidan adana hotuna na National Portrait Gallery da ke Landan ya mallaki farantan nata, ya baje kolinsu a 2023, kuma ana ganin da yawa a shafinsa kyauta. A fara leƙawa can kafin a biya kuɗin aikowa, don ya kusa kamo kuɗin katunan.