Gidan Tarihin Kalakuta: Abin Da Na Gani A Gidan Fela

Duk wanda hanya ta kai shi Ikeja a Legas, kuma yana son ganin yadda waƙa ke tsaya wa talaka a gaban masu mulki, ya leƙa Gidan Tarihin Kalakuta da ke layin Gbemisola. Nan mawaƙi Fela Anikulapo-Kuti ya zauna har rasuwarsa a 1997, aka mayar da gidan wurin adana tarihinsa a 2012. Kabarinsa na nan a farfajiya, shi za ka fara gani da shigarka.

An bar ɗakin kwanansa da kayansa a ciki, ga takalmansa jere masu launi iri-iri, ga hotunan iyali a jikin bango. Amma inda na fi daɗewa shi ne gaban bangon faya-fayensa da tsofaffin shafukan jarida. Zanen Lemi Ghariokwu, mai zanen da ya yi wa Fela aiki, a bangon faifai ba ado ba ne kawai. Kafin ka ji kiɗan, hoton ya riga ya faɗa maka wa ake nufi: soja, ɗan sanda, babban mutum mai cin dukiyar jama'a. A zamanin da masu mulki ba sa son jin muryar Fela, waɗannan zane-zane sun shiga gidaje sun isar da saƙo.

Mai ziyara ya sani cewa ba wannan ne gidan da sojoji suka ƙona ba. Wancan yana titin Agege ne, a yankin Mushin. A Fabrairun 1977 sojoji kusan 1,000 suka afka masa, suka jefo mahaifiyar Fela, Funmilayo Ransome-Kuti, ta taga, ta rasu a 1978. Matar da ta jagoranci matan Abeokuta suka yi bore a kan haraji! Idan ka riƙe wannan a rai, hotunanta a bangon nan sai sun sa jikinka ya yi sanyi. Ni dai haka ta kasance mini.

Akwai ɓangarorin rayuwar Fela da ba za su kwanta wa yawancinmu ba, kamar shan wiwi da auren mata 27 rana guda a 1978. Ban yarda da su ba. Duk da haka, ba na iya musun jarumtar mutumin da ya sha duka da ɗauri bai yi shiru ba.

A saman benen akwai mashaya, wanda ba ya so sai ya tsaya a ƙasa. Idan da hali, ka je a watan Oktoba lokacin Felabration, bikin tunawa da Fela, ka kuma nemi mai zagayawa da baƙi ya yi maka bayani.