Dafa ƙwai: a ruwan sanyi za a fara, ko sai ruwa ya tafasa?

Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu da ƙoƙari. Kin ce kusan kullum kina dafa ƙwai goma sha biyu saboda ɗan wake da kular makarantar yara, amma in kin zo ɓarewa sai ɓawon ya taho da farin, ƙwan ya fito duk rami-rami, wasu sun fashe tun cikin tukunya, gwaiduwar kuma ta yi wani zobe kore-kore. Sannan kin ji magana biyu: wasu sun ce a jera ƙwai a ruwan sanyi a ɗora, wasu sun ce a bari ruwan ya tafasa tukuna. Kina son sanin wacce za ki riƙe.

Ki riƙe ta tafasasshen ruwa, don ita ce maganin babbar damuwarki, wato maƙalewar ɓawo. Amma ta ruwan sanyin ma tana da inda ta fi, shi ya sa gara a ajiye su kusa da juna ki ga abin da kowacce take yi wa ƙwan.

Ta ruwan sanyi ita ce wadda akasarinmu muka tashi muka tarar. A jera ƙwai a gindin tukunya, kada wani ya hau kan wani, a zuba ruwa ya sha kansu da kamar gaɓar yatsa ɗaya, a ɗora. Da ruwan ya tafasa sosai sai a rufe tukunyar, a kashe wuta, a bar su minti 10 zuwa 12. Alherinta shi ne ƙwai ba ya yawan fashewa, tunda shi da ruwan tare suke ɗaukar zafi a hankali. Ba ta cin gas, kuma ba a tsoma hannu kusa da ruwan zafi, don haka ko yarinya mai koyon girki za a iya bar mata.

Matsalarta biyu ce. Ta farko lokaci. Ƙwan ya fara dahuwa tun kafin ruwan ya tafasa, domin farin ƙwai yana fara kamewa a wajen digiri 62 zuwa 65 na ma'aunin Selshiyas, gwaiduwa kuma tsakanin 65 da 70. To ruwan da gas zai tafasa a minti bakwai, a kurfoti ko murhun itace yana iya cin minti ashirin, kuma duk tsawon wannan lokacin ƙwan yana cikin zafi. Minti goman mai gas daban, na mai gawayi daban. Haka kuma tukunyar dalma mai kauri tana riƙe zafi bayan an sauke, ita kuwa 'yar siririyar tukunya nan da nan take hucewa, musamman da hunturu in a tsakar gida ake girki. Shi ya sa yau ƙwan ya yi daidai, gobe ya wuce, alhali abu ɗaya kika yi.

Ta biyu ita ce taki. Tsakanin ɓawo da farin ƙwai akwai siririn tantani. Idan zafi ya shiga a hankali, farin yakan kame a jikin tantanin nan ya manne masa, sai ki ja ɓawo ya taho da tsoka. Idan kuwa ƙwan ya faɗa ruwa mai tafasa, farin da ke daf da ɓawo yana kamewa nan take, ya ɗan tsuke, ya rabu da tantanin. Wannan shi ne dukan bambancin da ke tsakanin hanyoyin biyu wajen ɓarewa, kuma ya fi duk wani abin da za a ce ki barbaɗa a ruwa tasiri.

Ga yadda ake ta tafasasshen ruwa. Don ƙwai sha biyu, ki sami tukunya mai faɗin da za su zauna ba tare da sun hau juna ba, ki zuba ruwa kamar lita biyu da rabi. Yawan ruwan na da amfani, don in ya yi kaɗan sanyin ƙwan zai kashe tafasar, lissafin lokaci ya rikice. In ya tafasa, ki rage wuta, ki riƙa sauke ƙwan da ludayi ko cokali mai huji har gindin tukunya, kada ki sake su daga sama. Ki ƙara wuta ruwan ya dawo tafasa, sannan ki sake ragewa ya zama yana ɗan motsi kawai. Ƙwai ba ya buƙatar ruwa mai tsalle. Tafasa mai ƙarfi buga su take yi da juna da jikin tukunya, kuma ita ce ke sa farin ya yi tauri kamar roba.

Daga shigar ƙwan ƙarshe ake duba agogo. Da ƙwan gidan gona mai matsakaicin girma zuwa babba, minti 6 farin ya kame amma gwaiduwa ruwa ce. Minti 8 gwaiduwa ta yi kauri, tsakiyarta da danshi. Minti 10 ta dahu amma da laushinta, launinta na nan rawaya. Minti 12 ta dahu sarai, ana iya marmasa ta. Na ɗan wake da salak, 10 zuwa 11 ya fi daɗi. Wanda za a sake jefawa a miya ko a saka cikin alale, minti 9 ya isa, tunda zai ƙara ganin wuta. Na kular yara kuwa, da na mai juna biyu, da tsofaffi da marasa lafiya, a kai shi 12 gwaiduwa ta dahu gaba ɗaya, saboda ƙwayar cutar salmonela da ɗanyen ƙwai kan iya ɗauka. Idan daga firji ƙwan ya fito kai tsaye, a ƙara minti ɗaya. 'Yan uwa na Jos su ma su ƙara minti ɗaya, domin garin yana kan tudu mai kimanin mita 1,200, kuma a can ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 96, bai kai 100 ba.

Raunin wannan hanya shi ne fashewa, kuma a nan ta ruwan sanyi ta fi ta. Sai dai yawancin ƙwan da ke fashewa da tsagarsa ya shiga tukunya, 'yar siririya wadda ya samo a kiret ko a leda a hanyar kasuwa. Ki riƙa ɗaga kowanne a haske kina juyawa, mai tsaga ki ware shi don suya. Sauran dalilin shi ne sanyi ya gamu da zafi farat ɗaya, ga kuma iskar da ke ɓangaren ƙwai mai faɗi tana buɗewa in ta ji zafi. Ki fito da na firji kamar rabin awa kafin girki, ko ki jiƙa su a ruwa mai ɗumi minti biyar. Gishiri babban cokali ɗaya, ko ruwan khal, ba ya hana fashewa, amma in ƙwai ya tsage yana sa farin da ya ɓullo ya kame da wuri ya toshe wurin, maimakon ya watse a ruwa kamar zare. Kanwa da bekin soda da ake cewa suna sauƙaƙa ɓarewa, mu dai ba ma ba da shawararsu: abin da suke ƙarawa kaɗan ne, kuma sukan tayar da warin ƙwan.

Akwai hanya ta uku da ya kamata a ce ta fi haka yaɗuwa a gidajenmu, tunda kayan aikinta na nan a kicin: turarawa a madambaci. Ruwa kaɗan a ƙasa, kamar gaɓar yatsa ɗaya zuwa biyu, kada ya taɓa ƙwan. In ya tafasa tururi ya tashi, a jera ƙwai a sama, a rufe ruf, a ba su minti 12 zuwa 13. Tana ɓaruwa da sauƙi kamar ta tafasasshen ruwa, saboda ita ma zafin farat ɗaya yake shiga, kuma ƙwan ba ya karo da juna balle ya fashe. Ruwa kaɗan kuma ba ya daɗewa bai tafasa ba. In taro ne za a dafa kiret guda, ƙwai talatin, wannan ce ta fi dacewa. In an yi hawa biyu sai a ƙara minti biyu. Abin lura kawai murfin ya zauna daidai, kuma kada ruwan ya ƙone.

Zoben nan kore-kore da kike gani ba lalacewa ba ce, ƙwan yana ciwuwa. Alamar wuce lokaci ce. In zafi ya daɗe, farin ƙwai yana fitar da iska mai sinadarin farar wuta, ita ce mai warin nan, sai ta haɗu da sinadarin ƙarfe da ke cikin gwaiduwa a daidai inda suka gamu, launin ya fito. Gwaiduwar da ta kai haka ta bushe, ita ce mai shaƙe mutum sai ya nemi ruwa. Hanyar ruwan sanyi ta fi kawo shi, don an fi mantawa da tukunya a kanta, amma kowace hanya za ta kawo shi in an bar ƙwai cikin ruwan zafinsa bayan lokaci ya cika.

Saboda haka sanyayawa rabin aikin ce, kowace hanya kika bi. Kafin lokaci ya cika ki tanadi roba da ruwan sanyi, da ƙanƙara in akwai. Ki kwashe ƙwan kai tsaye zuwa ciki, su yi minti 10 zuwa 15. In babu wuta babu ƙanƙara, ruwan randa ya wadatar, sai dai ki sauya shi sau biyu, don ƙwai sha biyu nan da nan suke ɗumama shi. Da bazara ki kula da ruwan famfon da ke saukowa daga tankin saman rufi, da rana shi kansa da zafinsa, ba zai tsayar da dahuwar ba. Wajen ɓarewa, ki fara ƙwanƙwasa ɓangare mai faɗi inda iskar take, ki mirgina ƙwan a faranti da tafin hannu ɓawon ya farfashe ko'ina, ki tabbata yatsanki ya shiga ƙarƙashin tantanin, sannan ki ɓare a cikin ruwa. Ruwan yana shiga tsakanin tantani da fari ya raba su.

Akwai kuma abin da ya shafi ƙwan kansa. Wanda aka saka yau ko jiya ya fi kowanne wuyar ɓarewa. Yayin da ƙwai ke kwana, wata iska tana fita ta ƙananan kafofin ɓawo, yanayin farin ya sauya, riƙon da yake yi wa tantani ya ragu. In daga gona kike sayo kiret kai tsaye, ki soya na farko-farko, ki bar na dafawa su kwana uku zuwa biyar, ko mako guda in a firji suke. Idan dole sai sabo za ki dafa, to kada ma ki bi ta ruwan sanyi. Kafin dafawa kuma ki gwada su a kwanon ruwa: wanda ya kwanta a ƙasa sabo ne, wanda ya miƙe tsaye ya kwana biyu amma ya yi daidai da dafawa, wanda ya taso sama a fitar da shi, ana zargin baragurbi ne. Wannan gwajin ya fi zama dole a ƙwan kazar gida da na zabi, waɗanda ake tsinta ba a san ranar da aka saka su ba.

Tunda an ambaci zabi: ƙwansu da ke cika kasuwa da damina ya fi na gidan gona ƙanƙanta, amma ɓawonsa ya fi kauri da ƙarfi nesa ba kusa ba. Da wuya ya fashe a tafasasshen ruwa, don haka raunin wannan hanya bai shafe shi ba. Minti 9 zuwa 10 ya dahu. Sai dai wurin fasawa yana son bugu mai ɗan ƙarfi. Ƙwan kazar gida shi ma ƙarami ne, ki rage minti ɗaya daga lissafin da ke sama.

Abu ɗaya da hanyoyin duka suka haɗu a kai shi ne ajiya. Dafaffen ƙwai ya fi ɗanye saurin lalacewa, domin ruwan zafi ya wanke siririn rufin da ke toshe kafofin ɓawonsa. A firji mai samun wuta, da ɓawonsa, yana kai mako guda. A waje kuwa ƙa'idar masana lafiyar abinci awa biyu ce, in zafin gari ya haura digiri 32 kuma awa ɗaya, ga shi a watannin Maris zuwa Mayu garuruwa irin su Kano da Sakkwato da Maiduguri suna haura 40. Don haka na makaranta a dafa shi da safen, a sanyaya, a bar shi da ɓawonsa, kada a cusa shi cikin abinci mai zafi a rufe, kuma a ce wa yara su ci shi a tara ta farko. In firjinki ba ya samun wuta sosai, ki dafa na yini ɗaya kawai. Idan dafaffe da ɗanye suka cakuɗe miki a firji, ki juya ƙwan a kan tire: dafaffe zai yi ta juyawa da sauri, ɗanye kuwa zai yi tangaɗi ya tsaya.