Wane takunkumi za ka saya kafin ka je birnin da iskarsa ta gurɓace?

Wanda ya sauka a Delhi cikin Nuwamba, lokacin da manoman jihohin Punjab da Haryana na Indiya ke ƙona ragowar shinkafa a gonaki, tun kafin ya isa masauki zai ji abin a maƙogwaro. Haka Lahore ta Pakistan take a wannan lokaci, haka Chiang Mai ta Thailand daga Fabrairu zuwa Afrilu. Abin takaici ne mutum ya tara kuɗi don yawon buɗe ido, ya ƙare da tari a ɗakin otal. Mai yin ɓarnar ita ce ƙurar da ake kira PM2.5, wadda ta fi silin gashi ƙanƙanta kusan sau 30, tana kutsawa har cikin huhu.

Takunkumin yadi da na asibiti ba a yi su don wannan ƙura ba. Gefensu a buɗe yake, ta nan iska ke shiga.

Zaɓin gaske yana tsakanin huɗu ne: N95 na Amurka da KN95 na Sin, masu tace aƙalla kashi 95 cikin 100 na ƙura, sai FFP2 na Turai da KF94 na Koriya ta Kudu, masu tace kashi 94. Kada wannan bambancin ya dame ka. Abin dubawa shi ne yadda ya kama fuska. N95 igiyarsa ta bayan kai take bi, shi ya sa ya fi matsewa, kuma shi zan ɗauka idan zan wuni a titi. KF94 da yawancin KN95 a kunne ake rataya su. Sun fi daɗin sawa, amma sukan bar kafa a gefen hanci. Mai gemu kuwa ya sani, gashi na hana kowannensu mannewa sosai.

A ƙasa mai zafi, mai ɗan murfin fitar da numfashi ya fi, don yana rage gumi. N95 na gaskiya yana ɗauke da tambarin NIOSH, hukumar Amurka da ke tantance shi, a duba, jabu sun yi yawa.

Duk cikinsu babu mai tare iskar gas irin ta hayaƙin mota. Saboda haka ka riƙa duba ma'aunin gurɓacewar iska, wato AQI, a manhajar IQAir kowace safiya. In ya haura 150, ranar ta zama a cikin gini ce, kamar gidan tarihi, musamman ga mai asma, yara da tsofaffi.