Yadda za a kai intanet ga na'urar gem a ɗaki mai nisa: me ya kamata ka saya?

Kafin ka zaro kuɗi, ka fara sanin abin da wasa yake nema a wurin intanet. Lokacin da ake bugawa, yawancin wasanni ba sa cin ko megabit ɗaya a sakan. Abin da ke ɓata wasa shi ne jinkiri, wanda 'yan gem ke kira ping, musamman idan yana hawa yana sauka. Wasan da ke nuna hoto 60 a sakan, kowane hoto kusan milisakan 17 yake ɗauka. Saƙo ya makara da milisakan 150, hotuna tara sun wuce ka ke nan, kana ganin ka shige bayan bango alhali tuni an harbe ka. Gudu kuwa wajen sauke wasa yake da amfani: wasa mai gigabait 100 zai ci kusan awa 2 da kwata a kan megabit 100, amma a kan megabit 20 sai ya haura awa 11. Saboda haka babbar lambar da ke jikin kwali ba ita ce ma'auni ba.

Jan waya daga rauta, akwatin da ke raba intanet a gida

In da hali, nan za ka tsaya. PlayStation 5 da Xbox Series X da S duk suna da kafar waya mai gigabit ɗaya. Nintendo Switch na farko ba shi da ita a mazauninsa, sai an haɗa da adafta ta USB, amma mazaunin samfurin OLED na 2021 ya zo da ita. A kan waya, jinkiri tsakanin na'ura da rauta bai kai milisakan ɗaya ba, kuma ba ya motsi.

Wayar intanet mai lambar Cat5e tana ɗaukar gigabit ɗaya har mita 100, kuma ta ishi kowace na'urar gem. Cat6 ta fi ta kauri, ta dace idan za a binne a bango a manta da ita. Wadda aka rubuta wa Cat7 ko Cat8 ba za ta ƙara maka komai a wasa ba. Abin dubawa shi ne cikin wayar. Idan ka ga CCA a kwali, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, yana karyewa da wuri kuma yana ba da matsala a doguwar tafiya. Kankare bakin silin ɗaya da wuƙa: in fari ya bayyana a ciki, ajiye ta.

Auna hanyar da igiya, kana bin bango da saman ƙofofi, sannan ka ƙara mita 2 zuwa 3. Don ɗaki ɗaya, sayen waya mai kai a haɗe ya fi sauƙi, kuma akwai mai faɗi da ke shigewa ƙarƙashin ƙofa. Idan kai za ka matse kan RJ45, bi tsarin jera launukan silin na T568B a duka ɓangarorin biyu, kada ka warware murɗin silin fiye da santimita ɗaya da 'yan kai. Silin guda takwas ne, gigabit kuma duka yake buƙata. Ɗaya ya kuskure, layin na iya komawa megabit 100 shiru, ba tare da ya yanke ba, shi ya sa mutane ke daɗewa ba su gane ba. Kada ka lanƙwasa ta da ƙarfi, kada ƙusa ta danne ta, kada kuma ta yi doguwar tafiya manne da wayar wuta.

Idan ɗakin a wani gini daban yake, wayar jan ƙarfe a fili tana iya jawo illar aradu ta ƙone kafar rauta da ta na'urar. A nan wayar faiba da 'yan akwatunan juya sigina guda biyu ta fi aminci, tunda gilashi ba ya ɗaukar wuta.

Wayar eriyar talabijin

Gidan da aka riga aka ja wa wayar eriya zuwa ɗakuna yana da sa'a. Adafta biyu na MoCA 2.5, masu aika intanet ta cikin wayar eriya, ɗaya kusa da rauta ɗaya kusa da na'urar, suna ba da gudu har gigabit 2.5 da jinkiri na milisakan 3 zuwa 4. Sai dai zangon da suke aiki, daga megahaz 1125 zuwa 1675, ya faɗa cikin na tauraron ɗan'adam, don haka ba sa zama a waya ɗaya da dish mai aiki. Tsofaffin marabar sigina da suka tsaya a megahaz 1000 ma sai an canza su.

Adaftar soket

Wannan tana aika intanet ta cikin wayar wutar gida. Biyu ake saya: ɗaya a soket kusa da rauta, ɗaya a ɗakin wasa, kowace da gajeriyar waya, sai a danna maɓallin haɗawa a jikinsu. Minti biyar an gama, shi ya sa take da farin jini.

Amma caca ce, domin aikinta ya dogara da wayar da ke cikin bangonka, wadda ba ka gani. Lambar gudun da ke jikin kwali, AV1000 ko AV2000, ba ita za ka samu ba. Abin da ke isowa sau da yawa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Wasu masu araha ma kafarsu megabit 100 ce kawai, sai ka karanta bayan kwali. Dole a jona ta kai tsaye a soket ɗin bango, domin doguwar soket mai kariya da sitabilaiza suna tace siginar su zubar. Ɗakuna biyun su kasance a kan mitar wuta ɗaya, kuma idan layinsu ya bambanta a gida mai layi uku, gudun zai faɗi sosai. Cajar waya mai araha, firji da injin ruwa duk suna zuba hayaniya a layin, sai ka ga wasa yana tafiya lafiya, firji na tashi ya fara sarƙewa. Kada ka saye ta sai inda za a karɓa idan ba ta yi ba.

Idan Wi-Fi ne kaɗai mafita

Ɗan akwatin ƙara sigina da ake maƙalawa a soket shi ne ya fi araha, shi ne kuma muka fi hana masu wasa saya. Da rediyo ɗaya yake karɓa yake kuma turawa, don haka gudu ya rabu biyu, jinkiri ya ƙaru. Sandunan sigina za su cika a allo, wasan kuwa bai gyaru ba.

Tsarin mesh, wato akwatunan Wi-Fi biyu ko fiye da ke aiki tare, ya fi shi, musamman mai zango uku da ya keɓe ɗaya don magana tsakanin akwatunan. Zaɓi mai kafar waya, ka jona na'urar gem da waya a jikinsa. Kuskuren da aka fi yi shi ne ajiye akwati na biyu a inda sigina ta riga ta mutu. Bangon kankare da ƙofar ƙarfe suna cin zangon gigahaz 5 fiye da na 2.4, don haka a nemi wurin da akwatin yake samun ƙarfin sigina kusan -65 dBm ko abin da ya fi haka ƙarfi, wato lambar da ta fi kusa da sifili.

Gwaji kafin saye, da bayansa

Ɗauki laftof ka zauna daidai inda na'urar za ta zauna. A Windows, buɗe Command Prompt ka rubuta ping -n 100 sai adireshin rauta, wanda galibi 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1. Kada matsakaicin ya ɗauke maka hankali, dubi lamba mafi girma da adadin saƙonnin da suka ɓata. Idan duk suna ƙasa da milisakan 10 kuma babu wanda ya ɓata, matsalarka ba a cikin gida take ba, tana tsakanin rauta da kamfanin intanet, kuma babu ɗaya daga cikin kayan da aka ambata a sama da zai gyara ta. Yi gwajin da daddare, lokacin da kowa yake kan layi.

Idan waya ɗaya ta iso ɗakin kuma kana son talabijin ma ya samu, ƙaramin suwic mai kafa 5 ya wadatar, ba ya buƙatar saiti. Tsohuwar rauta ma za ta yi, da sharaɗin ka kashe DHCP ɗinta, wato saitin da ke raba wa na'urori adireshi, ka jona wayar a kafar LAN ba ta WAN ba. In ba haka ba sai NAT, wato juya adireshi da rauta ke yi tsakanin gida da intanet, ya ninku, PlayStation ya nuna maka Type 3 ko Xbox ya nuna Strict, shiga ɗakin abokai da hirar murya su riƙa gagara. Bayan ka gyara, kunna UPnP, saitin da ke barin na'urar gem ta buɗe wa kanta hanya, a babbar rautar, ka kashe na'urar gem ka sake kunnawa, sannan ka maimaita gwajin haɗi daga cikin saitinta.